Yadda Ake Saita Ƙa'idar Hutun Cin Abinci a Manhajar Albashi Bisa Dokar Ƙwadago

Gidajen burodi, gidajen mai, asibitoci masu zaman kansu da masana'antun casar shinkafa da dama a Zariya, tun daga Sabon Gari har Samaru, sun ajiye littafin sa hannu sun koma ga na'urar dangwale, wadda ke tura lokacin shigowar ma'aikaci da na tashinsa zuwa manhajar da ke lissafa albashi. Wannan ci gaba ne, domin yana rage gardamar ƙarshen wata, amma akwai saiti guda da ake yawan barinsa yadda ya zo daga kamfanin da ya ƙera manhajar, wato ƙa'idar hutun cin abinci. Gurabensa ba su da yawa a fuskar kwamfuta, sai dai su ne suke yanke awa nawa za a biya mutum a kowace rana, kuma su ne za su zama shaida idan magana ta kai gaban jami'in ƙwadago ko kotu. Abin da ya kamata mai saitawa ya riƙe tun farko shi ne manhajar ta rubuta hutun da aka yi da gaske, kada ta ƙaddara an yi shi don kawai jadawali ya ce a yi.

Kafin a taɓa kwamfuta, sai a karanta sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda take a babi na L1 na kundin dokokin tarayya na 2004. Sashen ya ce duk ma'aikacin da yake bakin aiki na awa 6 ko fiye a rana, dole a katse masa aikin da hutu sau ɗaya ko fiye, a rarraba shi yadda ya dace, kuma jimillarsa kada ta gaza awa 1. Ya kuma fayyace abin da ake nufi da hutun: lokaci ne da aka ƙayyade tsawonsa tun kafin a fara, wanda ma'aikaci yake da ikon yin abin da ya ga dama da shi, kuma ba a tilasta masa zama a wurin aiki ba. Wannan fayyacewa ita ce ginshiƙin saitin gaba ɗaya. Kashiyar da take cin shinkafa da wake a bayan kanta, cokali a hannun dama tana miƙa canji da hagu, ba hutu take yi ba a ma'aunin doka, ko da manhaja ta rubuta mata awa guda cur. Dokar ta bar ƙofa biyu kawai: ana iya kauce wa ƙa'idar idan wani abin da ba a zata ba ya tilasta haka, sannan idan yanayin aikin ya sa ba makawa, to ana iya maye gurbin hutun da lokacin cin abinci a wurin aikin ko kusa da shi.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a amince da saitin da manhaja ta zo da shi ba. Yawancin manyan manhajojin albashi da na lissafin halarta an gina su ne don kasuwar wasu ƙasashe, kuma dokokinsu sun bambanta da namu. A jihar Kalifoniya ta Amurka, hutun abinci minti 30 ne, ana ba da shi kafin awa ta biyar ta cika, kuma wanda aka hana shi ana biyansa ladan awa 1 a matsayin diyya. A Birtaniya, ƙa'idojin lokacin aiki na 1998 sun ba ma'aikaci baligi minti 20 ne idan aikinsa ya wuce awa 6. Wanda ya ɗauki samfurin ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗora wa ma'aikatansa a Tudun Wada, zai ga manhajar tana nuna masa komai daidai, alhali rabin abin da dokar ƙasarsa ta tanada yake bayarwa, ko ƙasa da haka. Saboda haka matakin farko shi ne a buɗe shafin bayanan kamfani a tabbatar ƙasar da aka zaɓa Najeriya ce, agogon kuma na Afirka ta Yamma ne, wanda yake gaban na Girinwic da awa 1 kuma ba ya sauyawa da rani ko damina. Bayan haka sai a kashe duk wata ƙa'idar hutu da ta zo a shirye, a ƙirƙiri sabuwa daga tushe.

Mataki na biyu a takarda ake yinsa. Dokar ba ta faɗi ko za a biya awar hutu ko ba za a biya ba, haka nan ba ta ƙayyade farashin aikin ƙarin lokaci ba. Ta bar awannin aiki ga yarjejeniyar mai aiki da ma'aikaci, ko ga yarjejeniyar da aka cimma da ƙungiyar ƙwadago. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki, kuma awannin aiki da yadda ake lissafa albashi suna cikinsu. Don haka a ɗauko takardun ɗaukar aiki a duba abin da suka ce. Idan an rubuta cewa aiki daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa 5 na yamma, da hutun awa 1 wanda ba ya cikin lissafi, to awa 8 ake biya kuma haka za a shigar. Idan takardar ba ta ce komai ba, kuma shekara da shekaru ana biyan mutane albashinsu cikakke ba tare da cire komai ba, to ba daidai ba ne akanta ya shiga manhaja ya mayar da hutun wanda ba a biya ba tare da an zauna da ma'aikata an sabunta yarjejeniya a rubuce ba. Manhaja tana bin takarda ne, ba ita ke sauya sharuɗɗan aiki ba.

A daidai wannan mataki ne ake kasa ma'aikata rukuni-rukuni, domin ƙa'ida ɗaya ba ta isar kowa. Ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta shafi masu aikin hannu da aikin akawu, ba ta haɗa da masu riƙe da muƙaman gudanarwa, shugabanci, fasaha ko ƙwarewar sana'a ba, waɗanda sharuɗɗansu suke cikin kwantiraginsu. Duk da haka, a ganina babu hikima a ba manaja ko likita ƙasa da abin da aka ba masinja, kuma saiti ɗaya na awa 1 ga kowa ya fi sauƙin kulawa. Rabon da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin waɗanda za su iya barin wurin aikinsu da waɗanda ba za su iya ba.

Yanzu sai a shiga shafin ƙa'idojin halarta ko na jadawalin aiki, ya danganta da sunan da manhajar ta ba shi, a ƙirƙiri ƙa'idar. Gurbin farko shi ne tsawon aikin da ke wajabta hutu, kuma a nan ake sa awa 6, wato minti 360. A kula da kalmar da ke gefen gurbin, domin wasu manhajoji suna cewa idan aiki ya wuce adadin, alhali dokarmu cewa ta yi awa 6 ko fiye, don haka wanda ya yi awa 6 cif ya shiga ciki. Idan babu zaɓin daidai da ko fiye, sai a sa minti 359. Gurbi na biyu shi ne tsawon hutun, a sa minti 60, sannan a kunna zaɓin da ke ba da damar raba shi, ta yadda manhajar za ta riƙa tara guntayen hutu ta auna jimillarsu. Wannan ya dace da yadda ake aiki a nan, inda da yawa suka fi son minti 40 na sallar Azahar da abincin rana, da minti 20 na La'asar. Gurbi na uku shi ne tazarar lokacin da ake iya fita hutu, misali daga ƙarfe 12 zuwa 3 ga masu aikin safe, domin a samu damar fita bi da bi ba tare da an rufe shago ba. Kada a buɗe tazarar har ta kai farkon aiki ko ƙarshensa, domin hutun da aka kai shi ƙarshen yini bai katse komai ba, tashi da wuri ne kawai.

Gurbi na huɗu shi ne wanda ya fi kowanne jawo ɓarna, wato zaɓin cire awar hutu kai tsaye daga awannin kowa, ko ya dangwala fita ko bai dangwala ba. Masu sayar da na'ura suna son kunna shi domin yana rage layi a bakin ƙofa kuma yana sauƙaƙa wa akanta, amma shawarata ita ce a kashe shi, a sa ma'aikata su riƙa dangwalawa lokacin fita hutu da lokacin dawowa. A ɗauki misalin wanda yake karɓar Naira 70,000, mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024, yana aikin kwana 26 a wata, awa 8 a rana. Awarsa ɗaya ta kama kusan Naira 337. Idan cunkoson masu saye yana hana shi fita hutu kullum, manhaja kuma tana cire awar duk da haka, to ya yi aikin awa 26 a wata ba a biya shi ba, wanda ya kai Naira 8,750, a shekara kuma Naira 105,000. Wannan haƙƙin mutum ne da aka ci ba tare da kowa ya ƙudurta cinsa ba, kuma rashin niyyar ba ya mayar masa da kuɗinsa. Akwai wata matsalar da cirewar kai tsaye ke haifarwa ga masu aikin awa: wanda ya yi awa 5 da minti 55 za a biya shi duka, wanda ya yi awa 6 cif kuma a biya shi awa 5, ya zama wanda ya fi daɗewa shi ya fi asara.

Idan yanayin wurin bai ba da damar dangwale huɗu a rana ba, kamar direbobin da ke kai burodi Giwa ko Soba, waɗanda ba sa kusa da na'ura da rana, ana iya barin cirewar kai tsaye a rukuninsu kaɗai, amma da sharaɗi. A kunna tambayar da ke fitowa lokacin tashi, wadda ma'aikaci zai amsa ko ya samu cikakken hutunsa, ko kuma a tanadi ɗan fom na takarda da zai cike idan bai samu ba. Duk ranar da ya ce bai samu ba, manhajar ta janye cirewar, awar ta koma cikin lokacin aiki, idan kuma ta haura awannin da aka yi yarjejeniya a kansu ta shiga lissafin ƙarin lokaci. Ya kamata a sanar da masu kula da ma'aikata cewa cike wannan fom ba laifi ba ne, domin idan yaro ya ga ana harararsa duk lokacin da ya kawo shi, zai daina kawowa, bayanan kuma su koma ƙarya.

Rukunin waɗanda ba za su iya barin wurin aiki ba yana buƙatar ƙa'idarsa daban. Maigadin da yake shi kaɗai a ƙofa, nas ɗin da take ita kaɗai a ɗakin marasa lafiya da dare, da mai zuba mai a famfon da ba wanda zai karɓe shi, duk suna cikin waɗanda doka ta yarda a ba su lokacin cin abinci a wurin aiki. A ƙirƙirar musu nau'in hutu na biyu, a ba shi suna bayyananne kamar cin abinci a bakin aiki, kuma a sa shi cikin lokacin da ake biya, tunda mutumin yana nan a shirye ya ajiye kwano da zarar mota ta yi hon ko majinyaci ya kira. Sai dai kada a mayar da wannan ƙofa hanyar kauce wa ɗaukar ma'aikata isassu. Dokar ta ce idan ba makawa, kuma gidan man da ke da mutum shida a famfo zai iya fitar da su biyu-biyu.

Sashe na 13 ya kuma ambaci gajerun hutu ga masu aikin da ke da wahala ko gajiyarwa ba ƙaƙƙautawa, kamar masu tsayuwa gaban tandar burodi ko injin casa, kuma ya ce ba a lissafa su cikin waccan awa 1. A ba su lambarsu daban a manhaja, a bar su cikin lokacin da ake biya, sannan a tabbatar ba a haɗa su cikin jimillar minti 60 ba. Haka nan sashe na 54 ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aikinta domin ta shayar da jaririnta. Wannan ma nau'i ne mai zaman kansa, ana ɗora shi a kan sunanta idan ta dawo daga hutun haihuwa, ƙari ne a kan hutun abincinta, kuma bai kamata manhaja ta nuna ta a matsayin wadda ta wuce lokaci ba. Idan akwai yara 'yan ƙasa da shekara 16 a wurin, sashe na 59 ya hana a sa su aikin da ya wuce awa 4 a jere ko awa 8 a yini, don haka iyakarsu a manhaja minti 240 ce.

Ranar Juma'a tana buƙatar jadawalinta. Tafiya masallaci, sauraron huɗuba, salla da dawowa sukan wuce awa 1, musamman ga wanda zai shiga cunkoson Kwangila ko PZ, kuma doka mafi ƙaranci ta faɗa, ba ta hana ƙari ba. A kwafi jadawalin yau da kullum, a tsawaita hutun zuwa abin da aka amince da shi, misali minti 90 ko 120, a rubuta a yarjejeniya ko za a rama ƙarin ko an yafe shi. Ma'aikatan da ba sa zuwa masallaci, waɗanda galibi su ke riƙe wurin a wannan lokaci, a buɗe musu tazarar hutunsu kafin salla ko bayanta, kada a manta da su. A watan azumi kuma akan samu ma'aikata da kansu suna roƙon a bar su su wuce hutu su tashi da wuri. Idan an rage aikin ya koma ƙasa da awa 6, ƙa'idar ba ta hau kansu ba. Idan kuwa ya kai awa 6, a bar hutun a tsakiya, domin mai azumin da ke tsaye cikin zafin Zariya ya fi kowa buƙatar ya zauna ya huta ko da ba zai ci komai ba. A sa wa jadawalin azumi ranar farawa da ta ƙarewa, kuma a tuna cewa ganin wata ne zai tabbatar da su, don haka a sake dubawa a daren da aka sanar.

Masu aikin dare suna da tasu matsalar ta lissafi. Idan mai kwaɓa fulawa ya shiga ƙarfe 10 na dare ya tashi 6 na safe, manhajar da ke yanke rana da ƙarfe 12 na dare za ta ga awa 2 a jiya da awa 6 a yau, ta rikita lissafin hutunsa. A nemi zaɓin da ke ɗaure aikin gaba ɗaya ga ranar da aka fara shi, a kunna shi ga duk jadawalin da ke ƙetare tsakar dare. A nan ne kuma ya dace a kunna gargaɗin hutun mako, tunda sashe na 13 ya ba kowane ma'aikaci awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, idan kuma an tauye ta sai a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci.

Abu biyu ne ya kamata a bar su a kashe. Na farko shi ne mayar da mintuna zuwa kwata mafi kusa a kan dangwalen hutu, domin yana iya nuna hutun minti 50 a matsayin awa cikakkiya, ya ɓoye tauyewar da ake son ganowa. Na biyu shi ne tara ta kai tsaye ga wanda ya makara dawowa. Sashe na 5 ya hana cire tara daga albashi, kuma ko cirewar da ta shafi asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Wanda ya saba wuce lokacin hutu, manhaja ta fitar da sunansa a rahoto, a bi da shi ta hanyar gargaɗi da ladabtarwar da ke cikin sharuɗɗan aiki.

Wuta tana ɗaukewa, intanet yana yankewa, kuma yatsan mai aikin fulawa ko siminti ba kullum na'ura ke karanta shi ba, musamman da hunturu idan fata ta bushe ta tsattsage. Don haka a ajiye littafi kusa da na'urar, a kuma ƙayyade wanda ke da izinin shigar da gyara a manhaja. Kowane gyara ya ɗauki sunan wanda ya yi shi, da ranar, da dalili, sannan lokacin asali ya ci gaba da bayyana a gefensa. Wanda ke shigar da gyara ya zama daban da wanda ke amincewa da shi, ko da wurin ƙarami ne, mai wurin da kansa zai iya zama mai amincewar. Manajan da ke iya ƙara wa yaransa hutun da ba su yi ba don rahotonsa ya yi kyau, ba tare da wata alama ta rage ba, ya lalata amfanin bayanan gaba ɗaya.

Kafin a fitar da albashin farko da sabon saitin, a gwada shi da ma'aikatan gwaji waɗanda ba na gaske ba. A shigar da wanda ya yi awa 5 da minti 59, da wanda ya yi awa 6 cif, da wanda ya raba hutunsa 40 da 20, da wanda ya yi minti 45 kawai, da wanda bai fita ba sam, da mai aikin dare, da mai shayarwa, sannan a lissafa kowanne da biro a kwatanta da abin da kwamfuta ta fitar. Idan sun yi daidai, a tafiyar da tsohon tsari da sabo tare na wata guda, a kuma sa takardar albashi ta nuna awannin aiki, mintunan hutu da ƙarin lokaci kowanne a layinsa, domin ma'aikaci ya iya duba nasa ya yi magana kafin kuɗi su fita. Rahoton waɗanda hutunsu ya gaza minti 60 a riƙa duba shi kowane mako. Idan sunayen sashe ɗaya ne ke ta maimaituwa, to hannu ne ya yi ƙaranci a sashen, kuma jadawali za a gyara.

Sashe na 75 ya wajabta ajiye bayanan albashi da sharuɗɗan aiki na shekara 3, don haka a duba saitin goge tsofaffin bayanai, a kuma riƙa sauke kwafi kowane wata zuwa wani wuri daban, domin ƙwaƙwalwar na'urar dangwale tana cika ta shafe na baya. Waɗannan bayanai su ne jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya za su nema idan sun zo dubawa, su ne kuma za a gabatar a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna, idan an yi ƙara. Zanen yatsa kuwa yana cikin bayanan sirri masu buƙatar kulawa ta musamman a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, saboda haka a sanar da ma'aikata a rubuce abin da ake ɗauka da dalilinsa, a taƙaita masu iya buɗe shi, sannan a goge zanen yatsan duk wanda ya bar aiki, a bar bayanan awanninsa da albashinsa har wa'adin shekara 3 ya cika.